Yaya zan shigar da na'urar PCM cikin lissafin Part L?

Bazazzagi_a_Leeds:

Assalamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi. Kwana uku ke nan wani abu ya tsaya mini a rai. Ina yi wa wata sabuwar makarantar firamare a nan Ingila lissafin makamashi, azuzuwa shida, kowanne yara 30. Mai zanen ginin ba ya son AC, sai ya zaɓi na'urar da ake ratayawa a silin, mai fanka da faifan PCM a ciki. Sinadarin nan ne da ke daskarewa idan sanyin dare ya ratsa shi, da rana kuma ya riƙa narkewa yana shanye zafin ɗaki. Na ga ɗaya a buɗe: faifai ne sirara a jere kamar littattafai a kanta, iska na bi ta tsakaninsu.

Dokar Part L ta tanadin makamashi a gine-gine, sigar da ta fara aiki a Yunin 2022, tana so in fitar da takardar BRUKL, wato rahoton da ke nuna ginin ya cika ƙa'idar. To SBEM, manhajar da ke fitar da takardar, wata-wata take lissafi, ita kuwa wannan na'ura duk amfaninta tsakanin dare da rana yake. Wani abokin aikina ya ce in shigar da ita a matsayin AC, in ba ta babban adadin inganci, a wuce wurin. Hankalina bai kwanta ba, domin sunana ne zai hau takardar. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mini don Allah.

Injiniya_Bakatsiniya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka rubuta adadin da ba za ka iya karewa ba in an tambaye ka inda ka samo shi. Aiki biyu ka haɗa a kwano ɗaya. BRUKL makamashi da hayaƙin carbon yake aunawa. A can, na'urar ba ta da kwamfireso, wutar da take ci ta fanka ce, don haka ni a matsayin na'urar shigar da iska nake sa ta, da ainihin wutar da fankar ke ja, har da ta dare. Ta daren nan ita aka fi mantawa, alhali fankar kan kwana tana juyawa don sinadarin ya daskare.

Ko yara za su sha zafi a aji kuwa, wannan lissafin BB101 ne na 2018, wato kundin jagorar gwamnati kan iska da zafi a makarantu, wanda ya ɗauko ma'auninsa daga TM52, takardar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta CIBSE kan zafin da ya wuce kima, daga Mayu zuwa Satumba, awa bayan awa. Nan ne PCM zai nuna kansa. Kuma kafin ka yi nisa, rubuta wa jami'in da zai duba ginin yadda ka tsara, ya amince a rubuce.

Malam_Mai_Lissafi:

Hajiya ta gama magana kan doka. Ni zan ƙara abu ɗaya: ɗauki biro kafin ka kunna kwamfuta. A ce na'urarka na da kilo 100 na sinadarin, kowane kilo na riƙe kusan kilojul 190. Kilojul 19,000 ke nan, wato kWh 5 da 'yan kai. Yara 30 kaɗai suna fitar da zafin da ya kai wajen kilowat 2, ban da rana ta taga da fitilu. Ka ga awa biyu da rabi ya narke ƙarƙaf. Daga nan fanka ce kawai ke kaɗa iska.

In ka koma EnergyPlus, manhajar lissafin zafi da makamashin gini, ka kula. Akwai MaterialProperty:PhaseChange a ciki, inda ake shigar da PCM, amma na bango da silin ne, ba na akwatin da iska ke ratsawa ba, kuma sai ka zaɓi CondFD, hanyar lissafin yadda zafi ke ratsa bango, ka raba awa aƙalla gida 20. Sannan sinadarin, musamman na gishiri, ba ya daskarewa daidai inda ya narke, sai sanyi ya ƙara sauka. Ka nemi jadawalin narkewa da na daskarewa daga masu ƙera shi, duka biyun. Na taɓa amfani da ɗaya kawai, manhaja ta nuna mini ya cika kowace asuba. Da aka auna a ginin a makon zafi, rabi ma bai daskare ba.

Ɗalibi_Kano:

Ranku ya daɗe, ina karatun injiniya ne. Wannan zai yi aiki a nan Kano?

Malam_Mai_Lissafi:

Lokacin hunturu zai yi, ɗana. Amma a Afrilu da Mayu, da aka fi buƙatarsa, dare kan tsaya wajen digiri 24 ko sama, sinadarin da ke narkewa a 22 kuwa ba zai daskare ba. Sai dai mai narkewa kusa da 29, shi kuma sanyin da zai bayar kaɗan ne.

Bazazzagi_a_Leeds:

Allah Ya saka da alheri. Yaya, na cire adadin nan, na kuma tura wa jami'in wasiƙa da safen nan. Malam, na duba takardar da aka ba ni, jadawalin narkewa ne kaɗai a ciki. Na nemi ɗayan. Ajin da ke kallon yamma shi ya fi damuna, da shi zan fara gobe in Allah Ya kai mu.