Muhawarar gidanmu: wanda bai runtse ido ga jinin fim ba, zuciyarsa ce ta bushe?

Kawu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Magana ɗaya zan aje, kowa shi faɗi tashi. A gidajen kallo na nan Mabera, in an ƙare ƙwallo sai a sa fim irin na Indiya da ake fassarawa. A sare hannun mutum da adda, jini na tsartuwa har bango, yara na tafi suna ihu, wasu na cewa a maido baya. Ni dai ra'ayina, duk wanda zai kalli ana yanka ɗan Adam, ko da fim ne, bai kau da kai ba, har ma ya ji daɗi, to zuciyarsa ta bushe. Wanda kuwa tausayi ya fita ransa, ranar da adda ta shiga hannunsa ba abin da zai tsai da shi.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu, Allah shi ƙara girma. Ku yi mini haƙuri, ni ina cikin masu kallon nan kuma ban yarda zuciyata ta bushe ba. Abin da kuke gani ba jini ba ne, ruwan sikari ne mai kauri da kalar abinci. A wani sanannen fim na Amurka na 1960, da yake baƙi da fari ne, ruwan cakulan ma aka zuba. Hannun na roba ne ko aikin kwamfuta. Ina kallo ina sane da cewa da an ce a tsaya, wanda aka sare zai tashi ya kaɗe rigarsa. Gabana yana faɗuwa, zuciyata tana bugawa, amma na san ba abin da zai same ni. Daɗin ke nan.

Yaya Nas: Ni daga Kawu har Auta ban bi kowa ba. Kau da kai daga jini ba ma'aunin tausayi ba ne, yawanci aikin jiki ne. Akwai wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa zuciya har ciki. Wasu mutane da zarar sun ga jini sai ta sa bugun zuciyarsu ya ragu, awon jininsu ya faɗi, jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ya yi ƙaranci. Sai gumi mai sanyi, jiri, duhu-duhu, sai mutum ya zube. Na sha ganin ƙato ya zo ba matarsa jini, ana soka allura ya sulale, alhali tsohuwa na tsaye a gefe riƙe da tasa ko gezau. Za a ce ƙaton ya fi tsohuwar tausayi? Ko kusa.

Barunje: Gaskiyarki Hajiya. Ni tun ina yaro nike runji, ba safiyar da hannuna bai taɓa jini. In da maganar Kawu haka take, da mu rundawa mun fi kowa bushewar zuciya. Amma wallahi ba ni iya kallon fim ɗin da anka ɗaure mutum ana yanka shi sannu-sannu yana roƙo. Tashi nike. Mu an koya muna tun farko, Annabi (SAW) ya ce a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Ba ka wasa ta gaban dabba, ba ka yanka wata wata na kallo. Abin da ke tada mini hankali a fim wulaƙancin ne, jinin bai dame ni ba. Kuma Auta, jinin gaskiya bai zama ja jawur irin nasu. Kafin ka juya ya yi duhu ya daskare, ga ƙarni, ga ƙuda. Fim bai da ƙarni, shi ya sa kuke iya cin gyaɗa kuna kallo.

Kawu: To ai ka zo inda nike. Kai mai wuƙa kana tashi, su da ba su taɓa yanka ko kaza ba suna tafi.

Auta: Kawu ku gafarce ni, amma ku ma kuna zuwa gidan dambe. Can jinin na gaskiya ne, haƙori na fita, mutum na suma, jama'a na ihu ana kiɗa. Haka sharo. Ba wanda ya ce 'yan kallon dambe ba su da imani.

Kawu: Dambe maza biyu ne sunka shiga fili da yardarsu, kowa da hannu ɗaya a naɗe. Da ɗaya ya kai ƙasa an raba, abokan tafiyarsa su ɗaga shi su zuba masa ruwa. Ba a bin wanda ya faɗi a ƙarasa shi. Fim ɗinku kuwa sai mutum ya faɗi sannan aikin ke farawa.

Yaya Tica: Bari in shigo ta wajen yara, don nan ne na fi ƙarfi. A 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya yi gwaji a jami'ar Stanford ta Amurka. Ya sa ƙananan yara suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsanar roba da ake hurawa, yana naushi yana buga mata guduma. Da aka bar yaran da ita, waɗanda suka kalla sun fi sauran dukanta, har irin salon dukan suka kwaikwaya. Daga baya ya gwada da hoton fim, abin ya sake fitowa. Ni ma ina gani a makaranta lokacin tara: yaro ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa ta baya, ka tambaye shi ya ce ai haka jarumin ya yi.

Auta: Yaya, dukan 'yar tsana daban, kisan kai daban. Japan fa? Finafinansu da wasannin kwamfutarsu cike suke da sara da jini, amma tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya. Mu da ake kashe mutane a ƙauyukanmu, fim ne ya jawo?

Yaya Tica: Ban ce fim ne ya kawo 'yan bindiga ba, wannan maganar talauci ce da makamai da rashin hukunci. Abin da na ce shi ne yaro yana kwaikwayo, kuma ɗan shekara 7 bai iya raba gaskiya da shiri kamar kai ɗan jami'a. Shi ya sa ake da hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, tana sa wa fim alamar shekaru: 12, 15, 18. Kano ma ta kafa tata a 2001. Amma fim ɗin da aka tura maka a shagon turi, alamar ba ta biyo shi cikin waya ba. Mai shago bai tambayar shekaru, kuɗin turi yake tambaya.

Gwaggo: Na bar ku kun yi ta yi, yanzu ku saurare ni. Kun san baiwar Allah da ke zaune wurina da ɗiyanta tun 2021 da sunka baro wajen Sabon Birni. Kwanaki wani yaron maƙwabta ya zauna zaure da waya yana kallon fim ɗin yaƙi, ya ƙure murya. Ana fara harbi matar nan ta saki tukunyar miya, ta suri ƙaramin ta yi bayan ɗaki ta kwanta rub da ciki a kansa. Sai da na dafa ta ina kiran sunanta ina cewa waya ce, waya ce, kafin ta ɗago. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Ita ke nan. Amma babban ɗanta, wanda shi ya ga abin da idonsa a garinsu, shi kullum irin finafinan nan yake nema. Ya zauna ya ƙura ido, ba dariya, ba tafi, ba runtsewa. A sare kai, fuskarsa yadda take. In ya ƙare ya maido farko. Kawu, in an bi ma'auninku, wanga yaro zuciyarsa ta bushe ke nan. To ni ke jin shi da dare yana firgita yana kiran babansa. Shi ke goya ƙanensa, shi ke hana yara jifar kare. Jini ɗaya, gida ɗaya, masifa ɗaya, ita tana gudu shi yana zuba ido. Wa za ku ce ya fi wani tausayi?

Yaya Nas: Gwaggo, wannan da kuka faɗa duka biyun alamu ne na ciwon firgici bayan tashin hankali. Wani ƙara kaɗan ke mai da shi wurin kamar yanzu abin ke faruwa. Wani kuma jikinsa ne ke rufe ƙofa, ya zama kamar bai jin komai, don in ya buɗe ba zai iya ɗauka ba. Wasu ma su yi ta komawa ga abin da ya yi kama da wanda suka gani, don a waya su ke da ikon tsai da shi. Ana dubawa kuma ana samun sauƙi, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware suna ganin irin wannan. Zan shigo ranar Asabar mu zauna da uwar, don na san in ta ji sunan Kware za ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne.

Ni kaina ina ɗinke sara a wurin aiki ba tare da hannuna ya yi rawa ba, amma ba ni iya kallon azabtarwa a fim. A wurin aiki ina da abin yi, in danna, in ɗaure, in ɗinke. A fim an zaunar da ni ne kawai in kalla.

Kawu: Allah shi ba su lafiya, shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i. Yaron nan ba da shi nike ba. Shi bai tafi. Masu tafi da cewa a maido baya, su nike nufi, kuma har yanzu ba wanda ya ba ni amsarsu.

Yaya Tica: Kawu, amsarsu tana cikin yadda ake gina labarin. Sai an ɗauki awa biyu ana nuna maka mugu: ya kashe uban jarumi, ya ci mutuncin ƙanwarsa, ya ƙone gonaki, hukuma ta kasa komai. Kafin a zo ƙarshe ranka ya cika fal. Da jarumi ya ɗaga adda, ramuwar ake yi wa tafi. Kuma wannan ya fi jinin tayar mini da hankali, don yana koya wa yaro cewa akwai mutumin da ya halatta a daddatsa in dai an tabbatar maka mugu ne. Musulunci ya hana yi wa gawa gunduwa-gunduwa ko ta abokin gaba ce a fagen yaƙi. Yaron da ya tashi da waccan fahimtar, in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, ina tsoron abin da zai ɗauka.

Auta: Nan kuma ni ina ganin akasin haka. Fim ɗin da ake harbin mutum 50 su zube ba ɗigon jini, ba kuka, ba maraya, shi ne maƙaryaci, shi ke nuna mutuwa kamar wasa. Wanda ya nuna raunin yadda yake, soja na riƙe da cikinsa yana kiran uwarsa, in na gama kallonsa ƙin yaƙi nake ji har raina. In za a hana, wanne za a hana?

Barunje: Ni kam wanda za a fara hanawa ba fim ba ne. Bidiyon gawarwakin gaske da ake turowa nan cikin zauren hirarmu na waya ne. Lokacin da anka ƙone matafiya cikin mota wajen Sabon Birni a watan Disamba na 2021, hotunan sun zaga wayoyi, wasu dangin ta nan sunka fara gani. Waɗannan ba su tashi su kaɗe riga. Mutum ya turo ya rubuta innalillahi, yana ganin lada ya samu.

Gwaggo: Awo, wannan ita ce. Kuma Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Wanda zai kalli harbe-harbensa ya sa abin kunne, garin nan cike yake da waɗanda sunka ji ƙarar ta gaske. Duk wanda ya ƙara turo hoton gawa nan, ni da kaina zan sa a fidda shi.

Auta: Abin kunne na yarda, hoton gawa ma na yarda. Amma ba a amsa mini tambayata ba, Yaya Tica.

Yaya Tica: Ga babba irinka, mai yiwuwa naka ya fi gaskiya. Ga 'yan ajina ba na son ko ɗaya, don ba su kai su ɗauki darasin ba, hoton kawai ke zama musu.

Kawu: Ni ma ban sauka daga tawa ba. Ku ce ramuwa, ku ce shiri, duk na ji. Amma yaro shi ga an sare hannu shi nemi a maido baya don shi ƙara gani, wannan ba ramuwa yake nema ba, ramuwar ai an riga an yi ta. Auta, in ka zo cin tuwo Juma'a ka zo mini da amsar wannan.