Maƙwabcina ɗan Haiti maƙeri ne, wace ƙungiya zan kai shi a Flatbush?

Baban Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Gidan da nake haya kusa da titin Nostrand, a unguwar Flatbush da ke Brooklyn, birnin New York, akwai wani dattijo ɗan Haiti da ya sauka wajen ɗiyarsa. Ba ya jin Turanci, sai Kiriyol da Faransanci, ni kuma boko na a Maraɗi na yi, to shi ya haɗa mu. Mutumin Croix-des-Bouquets ne, garin da 'yan bindiga suka addaba, kuma sana'arsa sassaƙa ƙarfen duron mai. Ran nan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado ya nuna mini aikinsa. Bishiya ce mai faɗin faifai, tsuntsaye a kan rassa, kowane gashin tsuntsu an buga shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duro ake cire wa kai da gindi, a ƙona shi fenti da mai su fita, a tsaga a shimfiɗe, a zana da alli, sannan a bi da guduma da cizal. Yanzu yini yake a bakin taga. Ya taɓa gwada bugu a ɗaki, na ƙasa suka kai ƙara. Wallahi abin yana ci mini rai. Ina zan kai shi?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Ai a tsakiyar mutanensa kuke zaune, Baban Nana. Tun 2018 majalisar birni ta sa wa wannan yanki na Flatbush suna Little Haiti, har tashar jirgin ƙasa ta Newkirk an ƙara mata sunan. Ka fara da Haiti Cultural Exchange. Tun 2009 suke aiki a Brooklyn, kuma aikinsu ke nan: baje kolin zane, kiɗa, rawa, fim, duk na 'yan Haiti. Kada ku je hannu sake. Ka jingina kowane aiki da farin bango da rana, ka ɗauki hoto, ka rubuta tsawo da faɗi. Shi kuma ya ba da labarinsa da Kiriyol, wa ya koya masa, shekara nawa yana yi. Can akwai masu jin harshensa, ba sai ka fassara ba.

Ɗan Zongo: Ni a ganina a bar zancen ƙungiya, a sama masa tebur a bakin titi ya fara ganin kuɗi. A New York mai sayar da zane ko sassaƙa ba ya bukatar lasin da ake nema wajen mai sayar da hula da jaka, sai dai rajistar haraji da kiyaye inda aka hana tsayawa.

Maman Sadik: Ɗan Zongo, wanda bai jin Turanci, bai san farashi ba, ka ajiye shi a titi? Aikin sati biyu za a saye a kuɗin abincin rana. Wannan sana'a tana da asali, daga maƙeri Georges Liautaud ta taso a garin nasu wajajen 1950, kuma har gidajen tarihi suna ajiye irin aikin. Masu sani su fara sa masa kuɗi, tebur ya biyo baya.

Malam na Bronx: Ina bayan Hajiya Maman Sadik. Ƙari biyu. Brooklyn Arts Council suna ba masu fasaha na unguwanni tallafi, amma da lokacin nema da sharuɗɗa, ku karanta da kyau kafin ku sa rai. Akwai kuma cibiyar nazarin Haiti a Brooklyn College, ƙafa ma ta kai ku. Sai ka kula da watan Mayu: 18 ga wata ce ranar tutarsu, unguwar cika take da taruka, masu shiryawa kuwa tun da wuri suke neman masu kaya. Batun takardunsa na zama, kada ka rubuta komai a nan. Idan maganar kuɗi ta taso, ɗiyarsa ta tambayi lauya.

Inna Hajo: Ɗana, Allah ya ba ka ladan maƙwabtaka. Amma ka shiga ta hannun ɗiyar, kada ta ga kamar ka tsallake ta. Kuma tun kafin a kai ga ofis, ka fitar da bawan Allah ya sha iska. Ranar Lahadi a lokacin zafi ana taron makaɗa a Prospect Park, 'yan Haiti ma kan fito da kiɗansu na rara, da ƙahonin gora da na kwano. A irin wurin nan ake jin wane yana da gareji, wane yana da shagon walda da zai ba shi lungu.

Baban Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inna, na bi maganarki, na sami ɗiyar da daddare bayan ta taso aiki. Ta ce ta daɗe tana so, lokaci ne ba ta da shi. Asabar za mu ɗauki hotunan, guda bakwai ne a kwalin. Da na gaya wa tsohon, tambayar da ya fara yi mini ita ce ina ake samun duro a garin nan. Wanda ya san mai gareji da ke da wanda ba a zuba guba a ciki ba, don Allah ya taɓa ni.