Wane kwaro ne wannan mai tafiya da shara a bayansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ɗan abu da nake gani a ganyen shukokina, bai kai santimita ɗaya ba. Ka ce dunƙulen ƙura ne, sai ka ga yana tafiya. Ganyen kuma cike yake da darɓa. Shi ke kawo ta ne? In yi feshi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Don Allah ajiye maganin tukuna! Ka ɗauko shi a hankali da takarda ka duba gabansa. In ka ga ƙafafu shida da baki mai ƙahoni biyu lanƙwasassu kamar lauje, to tsutsar wani koren kwaro ce mai fukafukai shara-shara, daga dangin Chrysopidae. Darɓar take ci. Tana soke ta, ta tsotse ruwan jikinta, sannan ta ɗora busasshiyar gawar a kan gashin bayanta mai ƙugiya. Sharar da ka gani, akwai gawarwaki a cikinta. Dalili kuwa, tururuwa na gadin darɓa saboda ruwan zaƙin da take fitarwa. A 1978 masanin kwari Thomas Eisner da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka tuɓe wa wata tsutsa ta wannan dangi lulluɓinta, tururuwa kan gane ta su jefar da ita. Cikin mako biyu zuwa uku za ta saƙa ɗan ƙunshi zagayayye ta shige.

Amsa ta 2: Malam ya yi daidai, amma a lura da wurin da aka gan shi. In a bangon ɗaki ne, gidan shimfiɗaɗɗe mai tsini ta gefe biyu, wannan tsutsar wani asu ce, tana cin saƙar gizo-gizo da gashi. Tsintsiya ta ishe ta. In a cikin ruwa ne, gidan na yashi, wannan wani dangi ne daban.

Amsa ta 3: Ni dai ban yarda a taɓa da hannu ba. Akwai ɗan kwaron Reduvius mai shafe jikinsa da ƙura, cizonsa da zafi. Ita ma ta ganyen takan ɗan ciji mutum.

Mai tambaya: Na duba, ƙahonin na nan.

Amsa ta 1: To bar ta ta yi maka aiki. Ka leƙa ƙarƙashin ganye, in ka ga ƙananan ƙwai kowanne a kan siririn zare, na irinta ne, kada ka goge su.