Tsutsa rawaya a jikin karfasata, gishiri ya ƙi aiki

Mai kandami: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da yayana muka haƙa kandamin nan, da kuɗinsa a ciki, tun farko kuma bai so na zuba karfasa ba, tarwaɗa ya so. Yanzu na yanka kifi na ga ƙuraje rawaya kamar ƙwayar shinkafa a tsoka da ƙarƙashin kunne. Na matsa ɗaya, tsutsa shimfiɗaɗɗiya ta fito tana motsi. Na zuba gishiri, babu sauyi. Ban faɗa masa ba tukuna. Don Allah me zan yi?

Malamin kiwo: Wa alaikumus salam. Clinostomum ce wannan, ba tantama. Babbarta a maƙogwaron zalɓe take zama. Ƙwanta ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga dodon koɗi su hayayyafa, su fito su huda kifi su kwanta a tsoka har tsuntsu ya ci kifin. Gishiri ba ya kai musu. Akwai dodon koɗi a wurinka?

Uwar kifi: Malam, ka tabbata? Nawa gishiri ya warkar da su. Mai 'ya'yan kifin ne ya sayar min da masu cuta, har yau bai ɗaga wayata ba.

Malamin kiwo: Hajiya, naki wasu ƙananan tsutsotsi ne daban, Dactylogyrus ko Gyrodactylus. Su a kan fata da wurin numfashi suke maƙalewa, daga kifi zuwa kifi suke yaɗuwa, ba ruwansu da dodon koɗi, kuma sai da madubin likita ake gane su. Shi kuwa mai kandami da idonsa ya ga tasa tsutsar.

Sabon shiga: A ba su maganin tsutsa na praziquantel kawai.

Malamin kiwo: Ko ya yi aiki, sababbi za su shigo. Ɗan'uwa, kwashe kifin, busar da kandamin, zuba farar ƙasa, nome ciyawar gefe, ka sa raga a sama. Kifin yana ciyuwa in ya dahu sosai. A Japan da Koriya masu cin ɗanye ne tsutsar ta maƙale musu a maƙogwaro.

Mai kandami: Malam, ciyawar nan ita ke riƙe min gaɓa. Busarwa kuma ba za ta yiwu ba sai yayana ya sani. Zalɓe ɗaya ne ma ke zuwa. In ƙara gishirin fa?

Uwar kifi: Wa ya sayar maka da 'ya'yan?