Ko Inbata a Kan Ƙaramin Batir Tana Mayar da Motar Lantarki Janareto?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Ina da wani ra'ayi da nake so masana a cikinmu su auna mini shi. A ganina duk wanda ya mallaki mota mai aiki da lantarki zalla ba shi da sauran bukatar janareto, domin abin da zai yi kawai shi ne ya ɗaura inbata mai wat 2,000 a kan ƙaramin batirin motar mai bolt 12, ba babban da ke tafiyar da ita ba, ya kunna firji da fitilu da fanka duk lokacin da aka ɗauke wuta. Babu hayaƙi, babu ƙara, kuma ban ga ta inda hakan zai cutar da motar ba.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ban yarda da wannan magana ba, kuma dalilina lissafi ne. Ƙaramin batirin da ke cikin irin waɗannan motoci bai kai na motar fetur girma ba, tunda ba shi da injin da zai tayar. A ce mai amfiya-awa 45 ne. Idan ka ninka da bolt 12, duk abin da ke cikinsa bai wuce wat-awa 540 ba, kuma batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa. Kaya mai wat 1,000 zai tsotse shi kafin rabin awa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne idan wannan ƙaramin batir ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin cike yake fal, saboda da wutar ƙaramin ake kunna kwamfutar motar, kuma da ita ake rufe makunnan da ke haɗa babban batir da sauran motar.

Injiniya Hadiza: Alhaji, lissafinka daidai ne, sai dai lissafin motar da aka kashe ne. Motar lantarki ba ta da altaneta, na'urar da ke cajin batir a motar fetur, amma tana da abin da ya maye gurbinsa, wato kwambata mai karɓar wuta daga babban batir, wanda yawanci yake da kimanin bolt 400, wasu kuma irin su Hyundai Ioniq 5 da Porsche Taycan suke kusa da 800, ta rage ta zuwa wajen bolt 14. Muddin motar tana kunne sosai, irin kunnuwar da za a iya sa giya a tafi, to wannan kwambata ce ke ciyar da inbata, ƙaramin batirin kuwa tsayawa kawai yake yi a tsakani yana tare ɗan tashin da kaya ke yi lokacin kunnawa. Saboda haka abin da ya kamata a tambaya ba girman ƙaramin batir ba ne, a'a, ƙarfin kwambatar ne, kuma a nan ne maganar Malam Bashir ta yi tuntuɓe. A motoci da yawa ƙarfinta bai wuce tsakanin kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗoriya ba, kuma motar da kanta tana cin wat ɗaruruwa daga ciki don kwamfutoci da famfunan sanyaya batir. Wanda ya ɗora wat 2,000 a kan irin wannan ya wuce abin da take iya bayarwa, ragowar kuma daga ƙaramin batir za a riƙa zara a ɓoye har ya durƙusa.

Malam Bashir: Injiniya, ke nan kin ba ni gaskiya a kan asalin maganar, girman inbatar kawai muka saɓa. Idan na sauko zuwa wat 1,000, me ya rage?

Injiniya Hadiza: Na ba ka rabin gaskiya, kuma rabin yana da daraja. A ce babban batirinka mai kilowat-awa 60 ne, kayan gida suna cin wat 300 a matsakaici, motar ma tana cin kamar haka don ta zauna a kunne. Jimilla wat 600 ke nan, wato awa 100, fiye da kwana huɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka lura cewa rabin wutar a zaman motar take tafiya, kuma ana sauya wutar sau biyu, a kwambata da kuma a inbata, kowane sauyi da asararsa.

Malam Isa: Ku ba ni dama in faɗi abin da ya same ni, domin akwai abin da ba a ambata ba. Na yi wannan haɗin da inbata mai wat 800, komai ya tafi lafiya da yamma, na kwanta na bar firji a kai. Ashe motata tana kashe kanta idan ta daɗe a tsaye babu direba a ciki. Ta mutu cikin dare, inbatar ta ci gaba da shan ƙaramin batir har ta kai inda take yanke kanta, wato wajen bolt 10 da rabi, wanda kuma ya riga ya yi ƙasa da abin da motar ke bukata. Da gari ya waye sai da aka ba ta wuta daga wani batir kafin ta farka, kuma ƙaramin batirin bai ƙara komawa yadda yake ba. Wasu motocin suna da tsarin da aka tanada don zama a kunne a tsaye, tawa ba ta da shi, kuma ban bincika ba kafin in fara.

Alhaji Garba: Madalla da wannan shaida, Malam Isa. Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali wayar wuta ce. Mutane suna jin bolt 12 sai su raina shi, alhali raguwar bolt ita ce ke ƙara yawan amfiya. Inbata mai ba da wat 1,000, idan aka sa asararta a lissafi, tana jan amfiya 80 zuwa 95 daga batir. Soket ɗin cikin mota da ake cajin wayar hannu a kansa fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180, don haka shi ba ya ma cikin wannan zance. Ana bukatar waya mai kauri, kamar milimita 25 zuwa 35 murabba'i, gajeriya gwargwadon iko, da fis a jikin wayar fositif dab da kan batir, ba can kusa da inbata ba, domin idan wayar ta goge da ƙarfen mota ta tsage, babu abin da zai tsayar da wutar sai wannan fis. Maƙalan nan masu kama da bakin kada da ake sayarwa tare da inbata kuwa zafi suke yi a irin wannan amfiyar. A ɗaure da noti. Na sha ganin robar waya ta narke a kan abin da bai kai haka ba.

Injiniya Hadiza: Zan ƙara abu ɗaya a kan na Alhaji. Motoci da yawa suna da ɗan ma'auni a kan nagatif na ƙaramin batir, wanda da shi motar ke sanin wutar da ke shiga da wadda ke fita. Idan aka ɗaura nagatif na inbata kai tsaye a kan batir aka tsallake ma'aunin, lissafin motar zai rikice, shi ya sa aka fi son a ɗaura shi a wurin da kamfani ya tanada a jikin ƙarfen motar. Wayoyi masu launin lemo kuwa na babban batir ne, ba a taɓa su ko da wasa.

Hajiya Rabi: Ni ina ganin kalmar "duk" da Malam Bashir ya fara da ita ce matsalar. Tun daga 2021 kamfanin Tesla ya fara sauya batirin dalma da wani ɗan ƙaramin batirin litiyam mai aiki a wajen bolt 15 zuwa 16, inbatoci da yawa kuwa suna yanke kansu idan wuta ta kai haka, sannan motarsu Cybertruck ma bolt 48 take amfani da shi. A ɗaya ɓangaren, Ioniq 5 da Kia EV6 suna ba da wutar gida har kilowat 3.6 daga babban batir ba tare da an taɓa komai ba, Ford F-150 Lightning kuma tana kaiwa 9.6. Nissan ma tun 2012 ta fitar da na'urar ciyar da gida daga motarta Leaf a Japan, bayan girgizar ƙasar 2011. Mai irin waɗannan motoci ba shi da dalilin buɗe bonet, balle ya jefa garantinsa cikin gardama idan kwambata ta lalace.

Malam Bashir: Hajiya, gaskiya ne, amma ba kowa ne ke da sabuwar mota ba, kuma ni tawa ba ta da soket ɗin da ke ba da wutar gida. Niyyata ma in haɗa inbatar da soket ɗaya na bango don wutar ta zaga gidan.

Alhaji Garba: Wannan kam kada ka kuskura, Malam. Wutar za ta bi layi ta fita waje, tana iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke yana zaton layin a mace yake, kuma da zarar an dawo da wuta inbatarka ta ƙone. Ko dai ka ja waya daga inbata zuwa kowane kaya kai tsaye, ko mai aikin wuta ya sa maka makunnin canji da ke raba gidan da layin waje. Firji kuma yana jan ninkin wutarsa sau da yawa a daƙiƙar da kwamfiresa ke tashi, kuma ya fi son inbata mai tsaftatacciyar wuta irin ta layi, ba mai arahar nan da ke sa shi gunji da zafi ba.

Malam Bashir: To, na janye wat 2,000, na janye soket ɗin bango, amma ban janye cewa abin yana yiwuwa ba.

Alhaji Garba: Ni ma ban ce ba ya yiwuwa ba, cewa na yi ba zan kira shi janareto ba, kuma har yanzu ban ga hikimar barin mota a kunne kwana da kwanaki, wadda kowa zai iya shiga ya ja, saboda firji ɗaya ba.

Injiniya Hadiza: Wannan kuma ya danganta da inda ake ajiye ta, Alhaji, tunda motar lantarki zalla ana iya kulle ta a gareji tana kunne, saɓanin mai haɗa fetur da lantarki, wadda injinta zai riƙa tashi da kansa yana fitar da iska mai guba. Malam Bashir, kafin ka sayi komai ka faɗa mana samfurin motarka da shekararta, mu duba ƙarfin kwambatarta da kuma ko tana kashe kanta idan ta daɗe a tsaye.