Kalmar "re-lay": sake shimfiɗawa ko cirewa a mayar?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina fassara wa kawuna takardar gyaran gida, sai na ci karo da "relay the floor tiles". Da farko na ɗauka "relay" ɗin nan ce ta isar da saƙo, ko ta tseren miƙa sanda. Ashe kalmomi biyu ne masu rubutu iri ɗaya. Ta saƙo daga tsohon Faransanci ta zo, daga al'adar sauya dawaki ko karnukan farauta da suka gaji da waɗanda suka huta. Wannan kuwa "re" ce aka liƙa wa "lay", shi ya sa wasu ke raba su da ɗan layi, kuma in an gama aikin "relaid" ake cewa, ba "relayed" ba. Ni dai "sake shimfiɗa tayil" na rubuta. Ya zauna?

Wani magini ya amsa:
Malam, mu a wurin aiki sa tayil muke yi. Tabarma da kafet su ake shimfiɗawa, bulo a jera, harsashi a aza, bututu a binne. Kuma ka kula, in ka ce wa mai gida "za a sake tayil", kasuwa zai nufa ya sayo sabo, don "sake" ɗin ta zama canji. In tsohon ne za a ɓamɓare, a gyara ƙasa, cewa muke "a cire a mayar".

Wata malama ta ƙara:
Ɗan'uwa, ka guji "ƙara shimfiɗawa", ana iya jin ta kamar ɗora wani a kan na da. Amma ga layin dogo "shimfiɗa" ta dace sosai. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shimfiɗa shi aka yi, sabo fil. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 kuwa, duk inda aka ɗaga ƙarfensa aka kwantar da wani, sake shimfiɗawa ke nan.

Mai tambaya ya dawo ya ce:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na bar neman kalma ɗaya tilo. Abin da za a ajiye shi ke zaɓar kalmar aikatau, sai a gabatar masa da "sake": sake shimfiɗa, sake jera, sake binne. Na tambayi kawu, ya ce tayil ɗin da ke ƙasa lafiyarsa lau, simintin ne ya saki. Na goge nawa, na rubuta: "a cire tayil ɗin daɓe, a gyara ƙasa, a mayar da shi."