Manhajar tace bidiyo tana rufe kanta da zarar na zuba hoton kyamara

Sani Jidda: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ta yaran unguwarmu a istiraha, wato ɗakin taro na haya, ranar Juma'a, da kyamarar hannu mai ɗaukar HD. Ina zuba hoton a manhajar tacewa sai ta fara cijewa, in na ja gaba ta daskare, can sai ta rufe kanta. Bidiyon waya kuwa lafiya lau take karɓa. Iyayen yara sun fara kira, a taimaka.

Malam Habu Makka: Wa alaikumus salam. Sunan fayil ɗin da MTS ya ƙare? Kuma yaya ka kwaso su daga katin ajiyar kyamarar?

Sani Jidda: Eh Malam, MTS ne. Foldar STREAM na buɗe na kwafo su zuwa laftof. Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 8.

Abdulƙadir Riyad: Giga 8? Ai magana ta ƙare ƙanena. Ka lallaɓa ka sayi mai 16 da katin hoto na daban, ka huta.

Malam Habu Makka: Abdulƙadir, kada ka sa yaro kashe riyal ɗinsa tun ba a duba ba. Sani, tsarin da kyamararka ke ɗauka da shi sunansa AVCHD, Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. In ka bar ta tana ɗauka ba tsayawa, yanka hoton take gunduwa-gunduwa, domin tsarin FAT32 na kati ba ya riƙe fayil ɗaya da ya wuce giga 4, wasu kyamarorin ma a giga 2 suke yankawa. A inganci na megabit 24 a daƙiƙa, giga 4 ɗin nan minti ashirin da 'yan kai ne kawai. Bayanin yadda gunduwoyin suke haɗuwa yana cikin foldojin CLIPINF da PLAYLIST, ka baro su a katin. Shi ya sa manhaja ke rikicewa a mahaɗa, sauti ya tsinke ko ta faɗi gaba ɗaya. Koma ka kwafo foldar PRIVATE ɗungurungum, kada ka sauya sunan komai a ciki, sannan ka shigo da hoton ta tagar binciken fayil da ke cikin manhajar, ba ja da linzami ba. Allah ya sa dai ba ka goge katin ba.

Sani Jidda: Yana nan Malam, ban taɓa shi ba.

Hajiya Rabi Madina: Ɗana, ka yi abin da Malam ya ce, amma ni ɓangaren mata nake ɗauka a bukukuwa, kuma ba na tace MTS kai tsaye ko kaɗan. Matsewar H.264 da kyamarar ke amfani da ita jefi-jefi take ajiye cikakken hoto, sauran duk bambancin da ke tsakani ne, to duk inda ka tsayar da linzami sai kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton. Na waya ma haka yake, sai dai shi gajere ne, kuma ba ya zuwa da 1080i da sautin AC-3 irin na kyamara. Ka sauke Shutter Encoder, kyauta ce, ka juya su zuwa DNxHD, tsarin da ya fi sauƙin tacewa, kafin ka kwanta, da asuba ka tarar ta gama. Sai dai ka tanadi wuri: awa ɗaya da ke cin giga 11 za ta haura giga 50. In ba ka da SSD na waje, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, ka sa manhajar ta yi maka furoksi, ka yanka a kan ƙaramin kwafin, wajen fitarwa ta ɗauko na asali.

Abdulƙadir Riyad: Hajiya na yarda da furoksi, amma giga 8 dai giga 8 ne. Tunda ba za a saya ba, a sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, daga shafin kamfaninsa, a share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar. Kuma Sani, sauke laftof ɗin daga kan katifa. Zafin Jidda ga ƙura a fanka, ko da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ta rage gudu.

Nura Makka: Tunda ana maganar kyamara, wanda ya zo da tasa daga Najeriya ko Sudan ya lura, wutar lantarkin can sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ta Saudiyya 60. Ƙarƙashin wasu fitilun istiraha hoto sai ya riƙa ƙyaftawa. A sa gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, a 1/60 ko 1/120 tun wajen ɗauka, gyaransa daga baya wahala ne.

Sani Jidda: Alhamdu lillahi, na kwafo PRIVATE, gunduwoyin sun haɗe sun zama ɗaya, na kunna furoksi, tun bayan Isha'i manhajar ba ta rufe ba. Sai dai in yaran suka motsa hannu ina ganin layi-layi a gefe kamar haƙoran mataji.

Hajiya Rabi Madina: Aikin 1080i ne, layuka rabi-rabi kyamarar take ɗauka. Wajen fitarwa ka zaɓi Progressive, ka kunna Deinterlace. Fara gwadawa da minti ɗaya inda yaro ke juya shafin allo ko Mus'hafi, ka turo mana mu gani kafin ka saki awa biyun.